Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

   Gaisuwa ta musamman ga direbobin manyan motoci da yaran motarsu. Na san wasunku yanzu haka kuna kan hanya. Wasu kun yada zango a Mararrabar Jos ko a Tafa, kuna gaban mai shayi, rediyo na gefe. Sannunku da ƙoƙari. Allah Ya kai ku lafiya.

Sharhinmu na yau a kan tamfol ne. Wannan ƙaton mayafi da ake lulluɓe kaya da shi a bayan tirela, musamman tirela mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda ba ta da bango, ba ta da rufi. Za mu yi magana a kan tamfol, da igiyar da ke riƙe shi, da hannun da ke ɗaure igiyar. Ku ba ni aron hankalinku, domin maganar ta shafi dukiya, ta kuma shafi rai.

Bari in fara da abin da idona ya gani.

Wata rana da damina muna kan hanyar Zariya zuwa Kano. La'asar ta yi, hadari ya haɗo daga gabas. A gabanmu akwai tirela maƙare da buhuna. Kusurwar tamfol ɗinta ta baya ta kwance, tana ta faf-faf-faf kamar fiffike. Wata igiya ta zubo tana jan ƙasa. Tsakaninmu da tirelar akwai mai babur, ya ɗauko wata baiwar Allah da goyo a bayanta. Sai iskar hadari ta taso. Muna kallo tamfol ya kumbura, ya cika da iska. Igiya ta biyu ta tsinke. Rabin tamfol ya yage, ya taso sama, ya faɗo tsakiyar titi. Mai babur ya kauce, ya sauka gefen hanya, suka zube a cikin yashi. Allah Ya taƙaita. Ƙujewa ce kawai a hannu da gwiwa, jaririn ko ƙwarzane bai yi ba. Muka tsaya, muka tashe su, matar tana ta salati, jikinta yana rawa.

Direban tirelar fa? Bai ma sani ba. Ya yi gaba abinsa. Ruwa ya sauko a kan buhunan da ya bari a buɗe.

Tun daga ranar nan ban ƙara yi wa tamfol kallon ƙaramin abu ba.

To, ga saƙona na yau, a dunƙule. Abu uku ne. A ɗaure kaya. A rufe kaya. A tsaya a duba. Zan maimaita, domin shi ne ƙashin bayan sharhin nan. A ɗaure kaya, a rufe kaya, a tsaya a duba.

Mu fara da na farko. A ɗaure kaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka tamfol ne ke riƙe kaya. Tamfol riga ce, jama'a. Aikinsa ya tare ruwa, ya tare rana, ya tare ƙura. Abin da ke riƙe kaya ɗamara ce, wato bel, ko sarƙa, ko igiya mai ƙwari da aka ɗaure a jikin kayan kansu tun kafin a jefa tamfol. Ɗamara tukuna, sannan riga.

Me ya sa? Ku ɗauki tirelar siminti da ta taso daga Obajana ko Ashaka. Buhu 600 ne lodin da aka saba, kowane buhu kilo 50. Tan 30 ke nan. Idan saniya ta faɗo titi, direba ya taka birki da ƙarfi, mota ce take tsayawa. Kaya ba su san an taka birki ba. Gaba suke so su ci gaba da tafiya. Ma'aunin da ake aiki da shi a Turai da Amurka ya ce dole ɗauri da tokari su iya tare kashi 8 cikin 10 na nauyin kaya idan sun yunƙuro gaba. Ku faɗa mini, wane tamfol ne zai tare wannan? Babu shi. In rodi ne ko bututun ƙarfe, abin ya fi muni. Zamewa suke yi kamar mashi, kuma kan mota suke nufa, inda direba da yaronsa suke zaune.

Saboda haka a jera kaya su tokari juna. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Kada a bar gurbi a tsakani. Ƙarfe da injina a sa musu sarƙa. Buhuna da katako a sa musu bel, a tsuke shi har ya daina motsi. Bel ɗin da ya fara zarewa, ko igiyar da rana ta cinye har tana fitar da gari in an murza ta, wa'adinsu ya cika. A jefar da su.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro tafiyar watanni suke yi. Goro ba ya son rana, ba ya son iska ta busar da shi. Shi ya sa ake naɗe shi da ganye, a yi huhu, a ɗaure tamau. Wanda bai iya ɗauri ba, ba ya isa gida da goro. Har karin magana suka bar mana, wai kaya ya tsinke a gindin kaba. Wato mutum ya yi sa'a, igiyarsa ta tsinke daidai inda zai samu abin tufka wata. Amma a kan kwalta babu kaba. Kayan da suka tsinke a kan kwalta, a gaban motar wani suke zubewa.

Yanzu mu juya ga na biyu. A rufe kaya.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan gwaninta take. Amma kafin mu ga yadda ake rufewa, mu san abokan gāba. Su biyu ne. Ruwa da iska.

Ruwa dai kowa ya san ɓarnarsa. Siminti in ya sha ruwa ya zama dutse, ba mai sayensa. Takin yuriya in ya ji laima sai ya dunƙule, ko ya narke. Riɗi da zoɓo da citta da ake kaiwa tashar jiragen ruwa ta Legas don fita waje, in suka jiƙa mai saye zai mayar da su. Masara da gyaɗa kuwa, tasu matsalar ta wuce asarar kuɗi. In suka jiƙa suka kwana a rufe cikin zafi, fumfuna ke kama su. Wani nau'in fumfunar yana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta. Dafuwa ba ta kawar da ita. Kun ga ashe ramin da ke jikin tamfol yana iya kaiwa har cikin tukunyar tuwo.

Kuma kada mai lodi ya dubi sararin samaniyar garinsu ya yanke hukunci. Daga kasuwar Dawanau a Kano zuwa Legas tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000. A watan Afrilu za ka yi lodi a Kano rana na ƙona ƙeya, ko gajimare babu. Kafin ka ƙetare Lokoja ka shiga damina. Ka rufe kaya don ruwan da ke gabanka, ko da inda kake tsaye ƙura ce ke tashi.

Sai iska. Ita ce ba a cika ganewa ba. Iskar da ke bugun mota ba daidai take ƙaruwa da gudu ba. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin iska yana ninkuwa sau huɗu. Tamfol ɗin da ya kwanta lafiya kana fita daga kasuwa a hankali, wani abu ne daban in ka hau babban titi. Sannan iskar da ke wucewa ta saman kaya tana tsotso tamfol sama. In kuma ta samu 'yar ƙofa ta gaba, sai ta shige ciki ta hura shi. Ana ja daga sama, ana turawa daga ƙasa. Wannan faf-faf da kuke ji, duka ne. Kowane bugu yana cin igiya, yana cin ɗinki, yana cin zobban ƙarfen da ke bakin tamfol. Tun yana ɗan yage kamar tafin hannu, har ya zama ƙofa.

To, yaya ake yi? Bari in ba ku labarin wani dattijon direba da na tsaya ina kallo a wajen lodi. Gemunsa fari fat. Ya ce mini tun yana yaron mota yake wannan aiki.

Kafin komai, ya sa yaransa biyu suka ɗaga tamfol sama, suka baje shi a rana. Shi kuma ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga kai. Duk inda ya hango ɗigon haske kamar tauraro, sai ya sa alli ya zagaye. Nan ruwa zai bi. Aka kai wa mai faci ya toshe. Aikin minti kaɗan ne.

Daga nan ya zagaya kayan yana shafa kusurwoyi da hannu. Duk inda ya ji kaifi, ya sa aka ɗora kwali, ko tsohon buhu, ko guntun taya. Kaifi da gargada in suka haɗu, wuƙa ce. Ya duba daɓen motar, ya sa aka shimfiɗa leda a inda yake da tsaga, saboda ruwan da tayoyi ke fesowa daga ƙasa. Ya kuma sa aka ƙara jeri ɗaya na buhuna a tsakiya, saman kayan ya yi doro. Dalili? Ruwa ya samu gangara. In saman kaya ya yi kwari, ruwa zai taru ya yi tafki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Nauyin zai ja tamfol ƙasa, ya sassauta igiya, kuma ruwan da ya kwanta sai ya nemi hanyar shiga.

Tamfol biyu ya yi amfani da su, domin motar doguwa ce. Ku saurari wannan da kyau. Na baya ya fara shimfiɗawa. Sannan ya kawo na gaba ya hau kansa da kamar kamu biyu. Kamar yadda ake jera kwanon rufi, na sama ya hau na ƙasa. In aka yi haka, iska za ta bi ta kan haɗin ta wuce, har ma ta ƙara danne shi. In aka juya, na baya ya hau kan na gaba, to an buɗe wa iska baki. An buɗe wa ruwa ƙofa.

Sai ya koma goshin kaya. Gaba ake fara ɗaurewa, domin nan iska take fara bugu. Ya naɗe kusurwoyin kamar mai naɗe ƙunshi, bakin kowane ninki yana kallon baya. Ya ɗaure tamau. Sannan suka ja tamfol baya har ya miƙe, ba tattara, ba aljihu. Daga nan suka bi gefe da gefe, hagu da dama, suna ja daidai wa daida don kada ya karkace. Gefen tamfol ya sauko har ya wuce bakin daɓe, yadda ruwa zai zuba ƙasa, ba cikin mota ba. Abin da ya yi saura suka naɗe shi ciki suka soke. Ba su bar shi yana lilo kusa da taya ba. Bai rufe fitilun baya ba, bai rufe lambar mota ba.

Ƙullinsa ma abin kallo ne. Yakan yi zarge a tsakiyar igiya. Ya zura bakin igiyar ta ƙugiyar jikin mota, ya dawo da shi ta cikin zargen, ya ja ƙasa. Wannan dabara tana ninka ƙarfin hannun mutum. Igiya ta miƙe har in ka taɓa ta sai ta yi ƙara kamar tsirkiya. Kuma in an zo saukewa, ja ɗaya ya kwance ta. A wasu wuraren ya haɗa da robar da aka yanko daga tsohon tif na taya, domin roba tana bin motsin kaya, tana riƙe tamfol a miƙe. Wutsiyar kowace igiya ya naɗe ta ya ɗaure. Ko ɗaya bai bari tana reto ba. Igiyar da ke reto tana iya naɗe ƙafar mota. Tana iya fizgo mai babur.

Da ya gama, ya zagaya motar sau ɗaya, yana dukan kowace igiya da tafin hannu. Sannan ya yi alwala, ya yi salla, ya tayar da mota.

Amma a nan akwai wata kwana, jama'a. Ba kowane kaya ake rufewa ruf ba. Albasa tana numfashi. Tumatir da tattasai suna numfashi. Masu ɗauko albasa daga Aliero zuwa kudu, ko daga Galmi a Jamhuriyar Nijar zuwa Kumasi da Akara, sun fi kowa sani. In ka toshe albasa da tamfol na roba a cikin zafi, gumi za ta yi, ta dahu, ta ruɓe tun kafin ta ga kasuwa. Irin waɗannan kaya ana kare su daga sama, a bar musu mashigar iska ta gefe. Ko a nan ma ƙa'idar ba ta canja ba. Duk abin da aka ɗora a sama, a ɗaure shi tamau.

Wani abu kuma. Tamfol ɗin da ya rufe maganin feshi, ko ya sha man dizal, kada a ɗora shi a kan abinci. Kuma in an sauke kaya, a shanya tamfol ya bushe kafin a naɗe. Wanda aka naɗe da danshi ruɓewa yake yi daga ciki.

Mun ɗaure kaya. Mun rufe kaya. Saura na uku. A tsaya a duba.

Komai gwanintar mai ɗauri, hanya tana warware aikinsa. Buhuna suna zaunawa in mota ta fara girgiza. Lodin da ya cika igiya a kasuwa, bayan tafiya kaɗan sai ya sauka, igiya ta yi sako-sako. Wata igiyar in ta jiƙa miƙewa take yi. Wata kuma takurewa take yi, in ta bushe ta saki. Shi ya sa dubawar farko ta fi kowace muhimmanci. A Amurka doka ce. Dole direba ya tsaya ya duba ɗaurinsa a cikin kilomita 80 na farko, sannan ya riƙa sake dubawa duk bayan awa 3. Mu ma hankali ya isa ya sa mu yi haka. Wanda ya taso daga Dawanau ya nufi kudu, ya tsaya a Kura ko Kwanar Ɗangora ya ƙara tsuke igiyoyinsa. Daga nan, duk tsayawar salla, duk tsayawar cin abinci, duk shan mai, a zagaya mota. Bayan ruwan sama, a zagaya. Bayan doguwar gargada, a zagaya. Kana tuƙi, ido yana kan madubi. Da ka hango tamfol ya fara kumburi ko kaɗawa, nemi wuri ka sauka daga kan titi gaba ɗaya, ka ajiye alamar gargaɗi, ka gyara.

Yanzu bari in yi magana a kan wanda ake yawan mantawa da shi. Yaron mota.

Shi ne ke hawa saman kaya. Tsayin nan ya kai mita 4, ya fi katangar gida. Babban tamfol kan kai nauyin buhun siminti. In ya jiƙa santsi gare shi. A ƙarƙashinsa akwai ramuka tsakanin buhuna da ido ba ya gani. Ga iska da ke iya cika tamfol ta yi sama da shi, ta haɗa da wanda ke riƙe da shi. Ga wayoyin wutar lantarki da suka ratsa kasuwanninmu ƙasa-ƙasa. Yaro ne, ɗan wani ne, uwarsa tana jiran dawowarsa.

Maigida direba, yaron nan amana ce a hannunka. Kada ka tura shi sama hadari na kaɗawa. Kada ka tsaya lodi a ƙarƙashin waya. Kada ya hau da silifas. Kada ya yi tafiya da baya a saman kaya. In da hali ya durƙusa, ya riƙa warware tamfol a gabansa. In yana jan igiya a ƙasa, ya tsaya ta gefen da ba motoci, domin in igiya ta tsinke baya zai faɗi. Kuma kada ka taɓa cewa ya hau ya gyara mota tana tafiya. Kai ma ɗana yaron mota, in ka ga haɗari, ka faɗa wa maigidanka cikin ladabi. Koyon sana'a ka zo yi, kuma sai da rai ake zama direba.

Haka nan ɗora fasinjoji a saman kaya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan. Saman tamfol ba wurin zaman ɗan Adam ba ne. Ba abin riƙewa, ba abin tarewa. In mota ta yi tangal-tangal, su ne farkon zubewa.

Na san abin da wasu za su ce. Bari mu saurare su, domin suna da hujja.

Wani zai ce lokaci. Mai kaya yana waya, layi ya yi tsawo, ana so a fita kafin dare. Gaskiya ne, matsin yana da yawa. Amma sauri ya haifi nawa. Rabin awa da ka ƙi bayarwa a wajen lodi, za ka biya ta da yini guda a bakin daji kana kwashe buhuna daga kan titi.

Wani zai ce kuɗi. Tamfol mai kyau yana da tsada, bel yana da tsada, ga dizal, ga taya, ga kuɗin hanya. Wannan ma gaskiya ne. Amma araha ba ta ado. A auna kuɗin tamfol ɗaya da kuɗin lodi ɗaya na riɗi. A auna kuɗin igiya da kuɗin asibiti. Kuma wannan nauyi ba na direba kaɗai ba ne. Alhaji mai mota, kai ne za ka saya. Motar da ka kashe miliyoyi a kanta, kada ka tura ta hanya da tsumma. Mai kaya, kai ma ka tsaya ka ga an rufe dukiyarka kafin ka juya baya. Ka ba masu ɗauri lokaci, ka ba su haƙƙinsu.

Wani kuma zai ce, ai Allah ne ke kiyayewa. Babu shakka, Shi ne Mai kiyayewa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa mai raƙumi an umarce shi ya ɗaure raƙuminsa, sannan ya dogara ga Allah. Ɗauri ba ya kore tawakkali. Dattijon nan da na ba ku labari, sai da ya gama dukan igiyoyinsa sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a.

Kira na gaba ga shugabanni ne. Ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da ƙungiyar direbobi ta NURTW suna da wakilai a tashoshi da wuraren lodi. Su suka fi kowa kusa da aikin. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kada mota ta fita ƙofa sai wani ya zagaya ta ya duba ɗauri. A sa dattawan direbobi su koya wa matasa ƙulli da naɗi, kafin ilimin ya tafi da masu shi. Jami'an hanya kuma, in kun tsayar da mota, bayan takardu ku dubi igiya. Ku dubi tifar yashi da tsakuwa da ke ratsa gari a buɗe, tana watsa wa masu babur a ido, tana fasa gilashin motoci. Ita ma tamfol take buƙata.

Sai mu sauran masu bin hanya. Mai ƙaramar mota, mai babur, mai adaidaita sahu. In ka ga tirela tamfol ɗinta yana kaɗawa, ko igiya tana jan ƙasa, ja baya. Ba ta tazara mai yawa. Kada ka manne mata. In hanya ta buɗe ka samu damar wucewa lafiya, ka danna hon, ka yi wa direban nuni da hannu. Daga inda yake zaune ba ya ganin bayansa duka. Wataƙila kai ne kaɗai idonsa a wannan lokaci.

Kai kuma ɗan'uwa direba, in an yi maka nuni, kada ranka ya ɓaci. Ba raini ba ne. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya ce maka tamfol ya kwance, ba buhunka yake so ba. So yake ka isa lafiya, shi ma ya isa lafiya.

Jama'a masu sauraro, direbobin nan su ne ke kawo mana hatsin da muke ci, da takin da muke zubawa a gona, da simintin da muke gini da shi. Suna kwana a hanya mu muna kwance a gida. Sun cancanci addu'armu, sun cancanci girmamawarmu. Saboda wannan girmamawa ne muke tunatar da su. In kina da miji direba, in kana da ɗa ko ƙane yaron mota, ku isar masa da saƙon nan in ya dawo. Ku tuna masa da matar nan mai goyo a hanyar Zariya.

Ɗamara tukuna, sannan riga. A ɗaure kaya. A rufe kaya. A tsaya a duba.

Allah Ya tsare matafiya, Ya tsare dukiyarsu, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.